Zanen Yatsa da Sarƙar Bayanai: Nazari kan Tantance Masu Zaɓe a Gaya da Ajingi

Tsakure

Maƙalar ta auna shawarar da ake yawan kawowa ta ɗora bayanan zanen yatsa kan sarƙar bayanai, wato bulokcen, don tsare rajistar masu zaɓe. Ta ɗauki ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi na Jihar Kano a matsayin misali, ta kuma nuna cewa raunin ya fi yawa wurin ɗaukar zanen, ba wurin ajiye shi ba.

Gabatarwa

Hukumar zaɓe ta INEC ta fara aiki da na'urar karanta katin zaɓe a 2015. A ranar 28 ga Maris na shekarar, na'urar ta yi wa Shugaba Goodluck Jonathan kansa gardama a Otuoke. Na'urar BVAS, wadda ke duba yatsa ko fuska, ta shigo a 2021, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta ƙarfafa tantancewa da na'ura. A Mayun 2023 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen, sai shawarar ɗora zanen yatsa kan sarƙar ta ƙara samun magoya baya.

Yatsa a rumfar zaɓe

Na'ura ba hoton yatsa kacokam take kwatantawa ba. Wuraren da layukan fata suka tsaya ko suka rabu biyu take lissafawa. To, akasarin mutanen Gaya da Ajingi manoma ne, kuma ƙasar Gaya ta daɗe da suna a ƙira. Hannun da ya sha ƙotar fartanya ko guduma yakan yi kanta, layukan su dushe. Ga zaɓen 2023 ya faɗo a Fabrairu da Maris, lokacin da fata ke kaushi. Sai ka ga dattijo ya dangwala, na'ura ta ƙi, ya goga yatsa a goshi don ya sami maiƙo, ya sake dangwalawa, daga ƙarshe jami'i ya koma ɗaukar fuska.

Abin da sarƙar ba ta iyawa

Ƙarfin bulokcen shi ne kowane rukunin bayani yana ɗauke da hatimin lissafi na wanda ya gabace shi, don haka sauya tsohon rubutu sai ya tonu. Amma zanen da aka ɗauka a dushe, a dushe za ta adana shi. Magance ƙin tantancewa da sarƙa barin jaki ne a doki taiki.

Akwai kuma cikas biyu. Na farko, hatimin lissafi yana canzawa baki ɗaya da ɗan bambanci, alhali dangwale biyu na yatsa ɗaya ba sa zuwa daidai wa daida. Wannan ne masu bincike Juels da Sudan a 2002, da Dodis da abokan aikinsa a 2004, suka nemi warwarewa da dabarun da ke jure ƙaramin kuskure. Na biyu ya fi nauyi: lambar sirri ana sauya ta idan an sace, yatsa kuwa ba a sauya shi. Rubuta zanensa a kundin da ba a gogewa zai yi karo da haƙƙin neman share bayani da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta bai wa ɗan ƙasa.

Shawara

A ganin marubucin, abin da ya dace a ɗora kan sarƙa shi ne hatimin adadin waɗanda aka tantance a kowace rumfa da na takardar sakamako, zanen yatsa kuma ya tsaya a rufaffiyar ma'ajiya. Muna kira ga masu bincike a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil su auna ingancin zanen yatsun manoman yankin, da rani da damina, kafin a kashe kuɗi kan wata sabuwar na'ura.