Me Ya Sa Ake Lallaɓa Tsinken Tangistin? Tarihin Waldar TIG

Idan ka fara koyon waldar TIG, abin da za ka fi ji daga bakin maigidanka shi ne kada ka bari tsinken tangistin ya taɓa narkakken ƙarfe. Wannan ƙa'ida tana da tarihi.

A farkon shekarun 1940, kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop da ke Amurka yana son yin jirgi da maganiziyam saboda rashin nauyinsa. Matsalar ita ce, da zarar wannan ƙarfe ya narke, iska na lalata shi. A 1941 wani ma'aikacin kamfanin, Russell Meredith, ya haɗa abu biyu: tsinken tangistin da ke fitar da wutar walda, da iskar hiliyam da ke lulluɓe wurin. Aka sa wa fasahar suna Heliarc. An zaɓi tangistin ne domin ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 3,422 a ma'aunin Salshiyos.

Duk da haka, da farko tsinken kan yi zafi fiye da kima, ɓurɓushinsa ya faɗa cikin walda ya raunana ta. Da aka mayar da tsinken ɓangaren nagetif na lantarki sai zafin ya ragu, amma hakan bai dace da alminiyam da maganiziyam ba. Lantarki mai kai-da-komo, wato AC, shi ya warware wannan. Kamfanin Linde ya ƙera kan walda mai sanyaya kansa da ruwa, iskar agon mai araha kuma ta maye gurbin hiliyam a yawancin ayyuka.

To, ka ga inda darasinka ya samo asali. Ka wasa tsinken ta tsawonsa, ba ta faɗinsa ba. Ka bar tazarar kamar milimita 2 zuwa 3 tsakaninsa da ƙarfen. Ka karkata kan waldar da digiri 10 zuwa 15 kacal, don gas ya rufe wurin. In tsinken ya nutse a narkakken ƙarfe, tsaya ka sake wasa shi.

Ka kuma kula da launi. Tsinke mai jan fenti yana ɗauke da toriyam kusan kashi 2 cikin 100, sinadari mai fitar da radiyeshin, kuma ƙurarsa na da haɗari idan ka shaƙa wajen wasawa. Shi ya sa masu walda da yawa suka koma kan mai lantanam ko seriyam. In ja ne a hannunka, sa takunkumi kafin ka kunna giranda.