Sulallan Ingila a Bakin Kogin Shari

Faransa ce ta yi wa Chadi mulkin mallaka, amma wanda ya tsinci sule mai kan Sarkin Ingila a adakar kakarsa a Kilemat, tsohuwar unguwar nan ta tsakiyar Njamena, bai kamata ya yi mamaki ba. Tun da aka kafa garin a 1900 da sunan Fort-Lamy, hanyar Kano, Maiduguri, Dikwa da Kusiri ta nan ta ratsa. A wancan zamani, fatake da maniyyata masu zuwa Makka ta ƙasa a nan suke yada zango, wasu ma zaman ke nan. Mai doguwar tafiya kuwa azurfa yake ƙullewa a lalita, don ko'ina ya sauka maƙeri ya san darajarta.

Iri biyu ne. Akwai na Ingila kanta, masu kan Sarauniya Biktoriya ko ɗanta Edward na Bakwai. Akwai kuma waɗanda hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, da aka kafa a 1912, ta fara fitarwa a 1913: taro, sisi, sule da fataka, masu kan Sarki Joji na Biyar. Sule da fatakar wannan hukuma suna da bishiyar kwakwa a baya.

Mai tara tsofaffin kuɗi shekara yake fara dubawa, domin ita ke faɗa masa gaskiyar ƙarfen. Har zuwa 1919, kashi 925 cikin 1,000 na sulen Ingila azurfa ce. Da tsadar azurfa ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Farko, aka rage ta zuwa rabi a 1920, sannan daga 1947 aka daina sa ta gaba ɗaya. Bayan shekara sai ma'auni: sule giram 5.66, fataka 11.31. Sai ya ɗauko madubin ƙara girma ya nemi ɗan harafin H, alamar masana'antar Heaton ta Birmingham, ko KN ta King's Norton. Ya rubuta yadda gashin sarki ya goge, da ko bakin kuɗin ya lotse.

Ba ya wanke shi da toka ko lemon tsami. Duhun nan da shekaru suka shafa masa ado ne a wurin masana, gogewa kuwa karya farashi take yi.

Abin da ke rage masa kuɗi a kasuwar Landan shi ne huda. Amma a nan hudar shaida ce: wata mace ta rataya shi a wuya ko a kitso, ta mai da ajiyarta kwalliya. Ya cancanci a rubuta wannan kamar yadda ake rubuta shekara. Da yawa ma ba su tsira ba, an narkar da su an yi mundaye da zobba.

Babbar kishiyar sulallan a Chadi a wancan zamani ita ce gurus, kuɗin azurfa mai kan Sarauniya Mariya Tereza, wadda kowace ke ɗauke da shekarar 1780. Ita ma, daga 1936, har a Landan an buga ta.