'Yan Daba a Birnin Kano

Asalin daba wurin zaman mafarauta ne da 'yan tauri a unguwannin Kano. Da siyasa ta shigo, aka kafa NEPU cikin 1950, sai jam'iyyu suka shiga ɗaukar samarin nan domin tsaron shugabanninsu. Zaɓe ya wuce, makami kuwa ya zauna a hannunsu. Aka yi ta kamu da ɗauri shekara da shekaru, abin bai mutu ba.

Cikin 2023 Kwamishinan 'Yan Sanda, Usaini Gumel, ya kira su su tuba, ɗaruruwa suka miƙa makamansu. To, amma yaron da ya ajiye wuƙa, in mai unguwa da dattawa ba su nema masa sana'a ba, suka kuma ƙi zama da shi, gobe zai koma ya ɗauka.