Famfara: Tarihin Haƙoran Yara a Ƙasar Hausa



Na tabbata akwai waɗanda suka ga kan wannan lacca suka tambayi kansu, ina ruwan malamin Hausa da haƙori, alhali ga likitoci nan cike da jami'a? Ruwana da shi ta wajen kalmomi ne, domin al'umma takan ajiye tarihinta a cikin kalmominta, har da tarihin abin da ta yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da nake so in nuna yau shi ne, Bahaushe ya daɗe da sanin darajar haƙorin babba, amma haƙorin yaro ya ɗauke shi tamkar baƙon kwana ɗaya. Wannan ɗauka ba ta yi wa kakanninmu ɓarna mai yawa ba, amma yau ita ke cin bakin 'ya'yanmu.

Mu fara da babba. A wajensa haƙori abin ado ne. Wushirya kyau ce da ake yabon mace da ita, giɓi kuwa aibi ne, ko da yake dukansu rata ce tsakanin haƙora. Kyaftin Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa ya tarar mutane suna rina haƙora da leɓɓa da furen taba. Wannan al'ada ta cin fure, haɗe da goron da fatake ke ɗaukowa daga Gwanja, ta kai har zamanin kakanninmu mata. Daga baya, da hanyar aikin hajji ta yi sauƙi, haƙorin Makka ya zo ya zama shaidar alhaji da hajiya.

Bayan ado sai ibada. Kalmar asuwaki ararriya ce daga Larabci, kuma tare da Musulunci ta shigo. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san an lissafa asuwaki a cikin mustahabban alwala. Itatuwan da ake yin sa kuwa namu ne na gida, irin su marke da shiwaka, sa'an nan darbejiya, wadda baƙuwa ce: asalinta ƙasar Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. Akwai kuma gawayi da gishiri don ƙara haske, da kanumfari don kwantar da zogi. Idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a nufi wanzami ya cire.

To, ina yaro a cikin wannan tsari? Babu shi. Tun da asuwaki ya ratayu da alwala, yaro ba ya soma shi sai ya kai munzalin da za a umarce shi da salla, watau shekara bakwai, wasu ma sai sun balaga. Kafin nan iyakarsa kurkure baki. Dalilin yana cikin kalma ɗaya, ita ce famfara, watau zubar haƙoran yaro na farko don na dindindin su fito. Yaro yana da haƙora 20 na farko. Sukan soma fitowa yana kamar wata shida, su cika kafin ya shekara uku, su soma zuba yana kamar shekara shida. Abin da zai zuba, in ji iyayenmu, me za a wahala a kansa? Ina iya tunawa, sa'ad da na yi famfara, abin da kakata ta damu da shi kurum shi ne in jefa haƙorin kan rufin ɗaki, kuma in rufe bakina kada ƙadangare ya ga giɓin, wai in ya gani sabo ba zai fito ba. Kwana uku na yi ina ratsa tsakar gida da hannu a baki.

Lokaci ɗaya ne kawai Bahaushe yake tsorata da haƙorin yaro, shi ne lokacin fitowarsa. Jariri ya yi zawo, ko zazzaɓi, ko amai, sai a ce haƙori ne. Gaskiyar maganar ita ce, fitar haƙori takan sa ƙaiƙayin dasashi da dalalar miyau da 'yar rigima, amma ba ta kawo zawo ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ya faru shi ne watannin sun zo daidai da lokacin da jariri ke soma rarrafe, yana kai kome baki, ana kuma soma ba shi koko da ruwan randa. Kada a ce wannan kuskure namu ne mu kaɗai. Turawan Ingila sun daɗe suna ba jarirai garin maganin haƙori mai ɗauke da zaiba, wanda ya jawo wata cuta da ta kashe yara da dama, kuma ba a janye shi daga kasuwa ba sai a shekarun 1950. Namu abin baƙin cikin ya zo a ƙarshen 2008 da farkon 2009, sa'ad da wani maganin haƙori na ruwa, wanda aka haɗa a Legas da gurɓataccen sinadari, ya lalata ƙodar jarirai, har hukuma ta ƙidaya yara 84 da suka mutu, wasunsu a Zariya. An ba su magani ne don cutar da ba cuta ba.

Me ya sa sakaci da haƙoran farko bai yi wa mutanen dā illa sosai ba? Abinci ne. Yaron karkara ya tashi da nonon uwa, da kunu, da fura da nono, da tuwon dawa ko na gero. Zaƙi akwai shi: zuma, rake, mazarƙwaila, garin ɗorawa, da su alkaki da nakiya. Amma zaƙin biki ne da ranar kasuwa, ba na kullum ba.

A nan dole in ja wa kaina birki, don kada in mai da dā aljanna. Bakin yaron talaka yana da nasa maƙiyin tun dā, wanda ya fi ruɓewar haƙori muni nesa ba kusa ba. Ita ce cutar da likitoci ke kira noma, wadda wasu a ƙasar Sakkwato ke ce wa ciwon iska. Takan kama yaro ɗan shekara biyu zuwa shida wanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda. Takan faro da kumburin dasashi, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Abin takaici shi ne a matakin farko tsabtar baki da abinci mai gina jiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta sun isa su tsai da ita. An buɗe asibiti musamman dominta a Sakkwato a 1999, amma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

Mu koma ga zaƙi. Farin sukari ya shigo mana ta kantunan Turawa, da farko abin masu hali ne. A shekarun 1950 aka soma sarrafa lemon kwalba a Legas, a shekarun 1960 aka kafa masana'antar sukari a Bacita, daga baya aka kafa wata a Numan. Kuɗin fetur na shekarun 1970 ya ƙarasa aikin: teburin mai shayi ya kafu a kowace kwana, sukari ya shiga koko da fura, minti da cingam da biskit suka zama kuɗin lallashin yaro a ƙofar makaranta. A cikin tsara biyu kacal, abin da ake lasa ran salla ya koma abin tsotso daga safe zuwa dare.

Idan haƙori ya yi rami, Bahaushe yakan ce tsutsa ce ta ci shi, har akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna "fitar" da ita. Wannan ma tsohon zato ne na duniya, tun mutanen Babila suna da shi. A 1890 wani likita Ba'amurke mai aiki a Jamus, W. D. Miller, ya bayyana yadda abin yake: ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke maƙale a jikin haƙori, suna cin sukari su mai da shi tsami, tsamin kuwa ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori. Ashe zancen tsutsa bai yi nisa ƙwarai da gaskiya ba, sai dai an manta da tambayar wa ke ciyar da tsutsar. Yaƙin Duniya na Biyu ya ba da shaida mai ƙarfi, domin a ƙasashe irin su Norwe da Japan, da sukari ya yi wuya, ruɓewar haƙoran yara ta ragu, da ya dawo ita ma ta dawo. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke samun ƙarfi da shi a yini. Kuma yawan lokutan da ake sha yana da nasa lahani dabam, domin kowane tsotso sabon farmaki ne.

Yanzu ga inda kalmar famfara take yaudararmu. Sa'ad da yaro ya kai kamar shekara shida, akwai turame huɗu da ke fitowa can ƙurya, biyu sama biyu ƙasa, bayan haƙoran farko. Ba su ture kowa ba, ba wani haƙori da ya faɗi kafin su fito, saboda haka uwa ba ta san sun iso ba. Waɗannan turame na dindindin ne, suna cikin haƙora 32 na babba, kuma su ne ginshiƙin tauna. Suna fitowa cikin bakin da ya riga ya cika da ruɓaɓɓun haƙoran farko, a shekarun da yaro ya fi shan alewa, ba asuwaki ba burushi. In sun yi rami sai a ce ai zai famfare. Ba zai famfare ba. Har wa yau, haƙorin farko da ya zube kafin lokacinsa yakan bar gurbin da maƙwabtansa za su matso su toshe, sai na dindindin ya fito a karkace, yarinya ta kai shekarun 'yanmatanci tana dariya da hannu a baki.

Likitan da zai gyara wannan fahimta kuwa ya makara wajen iso mana. Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Nijeriya an buɗe ta a Jami'ar Legas a 1966, Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Arewa ba ta sami tata ba sai bayan shekara ta 2000, a Maiduguri, sa'an nan Kano. Wannan jinkiri ya sa har yau da yawa daga cikinmu suna kallon likitan haƙori a matsayin wanzami mai farar riga, wanda ba a zuwa wurinsa sai don cirewa. Ni kaina sai da na je karatu Ingila na san ana kai yaro mai lafiya a duba bakinsa. Da aka ce in kai 'yata mai shekara biyu, na ce ai ba abin da ke damunta. Matar da ke rajista ta ce dalilin kawo ta ke nan. A can aka koya mini cewa tun daga haƙorin farko ake soma goge wa yaro baki, safe da dare, da ɗan man goge baki mai sinadarin fuloraid kamar ƙwayar shinkafa, kuma babba ne zai riƙa yi masa har ya kai kamar shekara bakwai. Na lura cewa shekarar da su suke sakar wa yaro burushi, a ita mu muke miƙa masa asuwaki karo na farko.

Bara aka kawo mini ɗan ƙanena daga ƙauye, ɗan shekara goma sha ɗaya, kunci a kumbure, ya kwana uku ba barci. An sa kanumfari, an sa toka, an yi tofi. Likita ya duba ya ce turmin ƙasa na dama ya ruɓe har saiwa, babu abin yi sai cirewa. Da muka fito, uwar yaron, wadda ta san darajar asuwaki fiye da ni, ba ta kuwa taɓa barin yaron ya kwana da yunwa ba, ta dube ni ta ce, "Yaya, wata nawa zai yi kafin sabon ya fito?"