Ladi Kwali da Cardew: Wane Ne Malamin Wani?

Duk mai karɓar canji a kasuwar Bodinga ko ta Shagari ya san hoton matar da ke ginin tukunya a bayan takardar naira 20 tun shekarar 2007, sai dai har yau ana saɓani a kan yadda wannan mata, Ladi Kwali, ta kai wannan matsayi.

Riwayar da ta fi yaɗuwa ita ce Michael Cardew, Baturen Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka domin inganta sana'ar ginin tukwane, shi ne ya gano ta ya horar da ita a cibiyar da ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda ta shiga a 1954 a matsayin mace ta farko. Wannan riwaya tana da rauni, domin kafin su haɗu Ladi ta riga ta ƙware a hannun gwaggonta bisa al'adar matan Gbagyi, waɗanda ke ɗora yumɓu zobe kan zobe da hannu, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara randunanta, kuma a fadarsa Cardew ya fara ganin aikinta. Abin da cibiyar ta ƙara mata shi ne faifai mai juyawa, da ruwan ƙyalli, da murhu mai tsananin zafi, amma siffar randar da zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya, waɗanda suka ɗauki hankalin masu saye a Landan, daga garinsu Kwali ta zo da su.

Irin wannan taƙaddama ta taso a Amurka a kan Nampeyo, maginiyar tukwane masu zane 'yar ƙabilar Hopi-Tewa ta jihar Arizona, wadda aka daɗe ana cewa tonon kufan Sikyatki da Jesse Walter Fewkes ya yi a 1895 ne ya buɗe mata ido, alhali bincike ya nuna tana kwaikwayon zanen tsofaffin kasake tun kafin lokacin. A wuraren biyu, mai alƙalami ne ya rubuta tarihin, shi ya sa rabon mai yumɓu ya ƙaranta.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984, cibiyar ta Suleja kuma sunanta take ɗauke da shi a yau.