Doguwar Tsirkiya da Gajeruwa: Daga Molo Zuwa Jitar Zamani

Duk wanda ya ɗauki molo ya ƙare masa kallo zai ga abin da mai sauraro daga nesa ba ya gani: tsirkiyoyinsa uku ba tsawonsu ɗaya ba. A gindi wuri guda suka taru, amma a wuya kowacce an ɗaure ta da tsinken fata a inda ya dace da muryarta, wata can kusa da ƙarshen sanda, gajeruwar cikinsu kuwa nesa da ita ƙwarai. Makaɗi ba shi da abin murɗawa irin na jita. Idan zai daidaita murya sai ya tura ɗaurin sama ko ya jawo shi ƙasa, yana taɓawa yana saurare, har kunnensa ya yarda. Haka garaya take, haka gurmi.

Na ɗauko wannan magana ne saboda wata jita da ta yi tashe a duniya, wadda ƙarafan da aka gicciya a wuyanta ba a miƙe suke ba, sun baje kamar yatsun hannu a buɗe. Masu tallanta suna kiranta sabuwar fasaha. Ni a ganina tsohuwar matsala ce aka sake warwarewa, kuma magabatanmu suna cikin waɗanda suka riga suka warware ta ta hanyarsu.

Matsalar ita ce, muryar tsirkiya ta dogara da abu uku: tsawonta, kaurinta, da yadda aka tamke ta. Bafaranshe Marin Mersenne ya rubuta wannan ƙa'ida da lissafi a 1636, amma hannun maƙera ya san ta tun kafin alƙalami ya kama ta. Idan ana son babbar murya daga gajeruwar tsirkiya, dole a sassauta ta ko a ƙara mata kauri, sai amon ya fito a dishe kamar ganga ta sha raɓa. Idan kuma aka tsawaita wuyan domin ta, siririyar tsirkiya ta yi tauri a yatsa, wani lokaci ta tsinke. Jitar da muka saba gani sulhu ta yi: kamfanin Fender ya tsaya a inci 25.5 ga dukkan tsirkiyoyi shida, Gibson a inci 24.75, kowacce tsirkiya ta haƙura da rabonta.

A Afirka ta Yamma ba a taɓa tilasta wa tsirkiyoyi wannan haƙuri ba, domin wuyan ba shi da ƙarafan da za a daidaita. Molo ɗan dangi ne babba: ga ngoni na Bambarawa, ga hoddu na Fulani, ga halam na Wolof. Ibn Battuta, da ya sauka a Mali a 1352, ya ga mawaƙa riƙe da kayan tsirkiya suna tafe gaban Mansa Sulaiman. Da aka kwashi bayi aka haye teku da su, gajeruwar tsirkiyar nan ta bi su, ita ce har gobe take maƙale a gefen wuyan banjo na Amurka.

Turawa kuwa sun bi ta wata hanya. A Landan ta ƙarni na 16 wani maƙeri, John Rose, ya ƙera bandora, sannan aka samu ɗan'uwanta orpharion, dukkansu masu tsirkiyar ƙarfe. Akwai orpharion da Francis Palmer ya ƙera a 1617, yana nan ajiye a Kwapanhagan, an karkata ƙarafan wuyansa domin manyan tsirkiyoyi su fi ƙanana tsawo. Daga baya kayan suka fita yayi, dabarar ta kwanta shekaru ɗaruruwa, sai a 1989 Ba'amurke Ralph Novak ya yi mata rajista a jitar lantarki. Wanda ya fi cin moriyarta shi ne mai babbar murya: kamfanin Dingwall na Kanada yana ba tsirkiyar ƙasa inci 37, ta sama inci 34.

Ba na cewa Novak ya kwaikwayi molo. Babu hujjar haka, kuma tarihi ba ya buƙatar mu yi masa ƙari. Ƙa'ida ɗaya ce ta tilasta wa mutane mabambanta amsa iri ɗaya. Bambancin shi ne su sun rubuta awo, mu mun bar shi a kunne da yatsa.

Dalilin haka yana cikin tarihinmu. Bayan jihadin 1804, tambari da kakaki da algaita suka ci gaba da zama kayan fada, goge da garaya da molo kuwa malamai suka dube su da idon zargi, saboda kusancinsu da bori da dandalin dare. Malamin da zai iya rubuta awon garaya ba zai yarda a gan shi da ita ba, mai garayar kuma ba rubutu ne sana'arsa ba. Duk da haka kayan ba su mutu ba. Maharba suka riƙe nasu, Garba Supa ya kai kukuma gidajen biki na Kano, Haruna Uji ya ɗaukaka gurmi daga Haɗeja, Ɗanmaraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tal a kan gwangwani ya zaga duniya da kuntigi. Sunayen sassan kayan nan sai da David Ames da Anthony King suka tattara su a ƙamusunsu na 1971, da Turanci.

Saurayin da ke sha'awar jita mai bajajjun ƙarafa, shawarata gare shi gajeruwa ce. In tsirkiya shida yake kaɗawa a muryar da aka saba, ribar kaɗan ce. Amfaninta yana bayyana ne ga mai tsirkiya bakwai ko takwas, ko mai saukar da murya ƙasa sosai. Ya duba wane ƙarfe ne aka bari a miƙe, domin shi ke nuna yadda tsintsiyar hannu za ta karkace kusa da kai. Ya kuma tambayi kansa inda zai samu doguwar tsirkiya da mai gyara in jakin ya lalace, tun da kowacce tsirkiya da nata mazauni. Sannan ya sani, ƙarafa ko miƙaƙƙu ko bajajju, gida goma sha biyu suke raba murya, alhali waƙar Hausa tana bin hawa da saukar harshe, tana zamewa a tsakanin gidajen. Sandar gurmi tana bin ta duk inda ta nufa.

Mu a Kausani muna maƙwabtaka da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, kuma fata da ƙwarya ba su yi mana nisa ba, ga kasuwar Juma'a. Ina fatan ɗaliban kimiyyar sauti su nemi tsofaffin masu garaya da gurmi da suka rage a ƙauyukanmu, su auna tsawon kowacce tsirkiya daga jaki zuwa ɗauri, su rubuta kaurinta da abin da aka murɗa ta da shi, su naɗi muryarta kafin a tura ɗaurin da bayan an tura, sannan su rubuta sunan da makaɗin yake kiranta da shi, da bakinsa.