Wusɗa: Rariyar Masu Kaifin Lissafi a Sudan

Makarantar da iyayenmu suka sani da Midil, a Hartum da Omdurman wusɗa ake ce mata. Tun da Turawan Ingila suka buɗe Kwalejin Gordon a 1902, suna neman akawuna da masu safiyo da ƙananan injiniyoyi, yaro mai kaifin lissafi ya zama abin nema. Tsarin da ya zauna daga baya shi ne huɗu-huɗu-huɗu: elemantare, wusɗa, sakandare. Yaro bai wuce shekara 11 ko 12 ba zai zauna jarrabawar shiga wusɗa, lissafi da Larabci a gaba, kujeru kuwa 'yan kaɗan. Wanda ya haye ya fara Ingilishi, ya doshi Hantub ko Wadi Sayyidna. Wanda ya faɗi, ko da zazzaɓi ne ya kayar da shi ranar, sai gona ko kasuwa.

A 1970, zamanin Numeiri, ministan ilimi Muhyiddin Sabir ya mayar da tsarin 6-3-3. Farkon shekarun 1990 gwamnatin Bashir ta soke wusɗa ɗungurungum, ta haɗe shekara takwas a makaranta guda. A ganina nan aka fi cutar mai hazaƙa. Tsohuwar rariya ba ta da tausayi, gaskiya ne, amma tana gane shi da wuri. Bayan an soke ta, sai ya gama lissafinsa ya zauna jiran na baya.

A 2020 aka yanke shawarar dawo da wusɗa. Ba ta gama kafuwa ba yaƙin Afrilun 2023 ya rufe ajujuwa tun daga Soba har Omdurman.